Me Ya Kai Ki Kallon Fure?

 Ku yi mini afuwa, wannan makon ba ci gaban labarinmu zan kawo ba, wata magana ce ta tsaya mini a rai nake son mu tattauna. Kwanakin baya wata ƙawata, ita ma marubuciya ce, tana duba tsofaffin hotunan da ke cikin wayata sai ta ci karo da waɗanda na ɗauko a ƙasar Jafan. Ta daɗe tana kallo, can ta ɗago ta ce da ni, "Yanzu ke Hajiya, duk kuɗin jirgin nan da wahalar neman biza, kallon fure kika je yi?" Dariya muka yi a lokacin, amma da na koma gida sai na ga tambayar ta cancanci amsa, domin ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba, ni kaina da shi na hau jirgi.

Ƙanina ne sanadin tafiyar. A lokacin yana karatun aikin gona a can, ya matsa lallai sai na zo kafin ya kammala. Allah Ya nufa na je a ƙarshen watan Afrilu na 2019, saura 'yan kwanaki a kama azumi, kuma daidai makon da Sarki Akihito ya sauka daga karagar mulki ɗansa Naruhito ya hau, wanda ya sa aka ba ma'aikata hutun kwana goma a jere, kowa ya fito yawon buɗe ido. Ni abin da ke raina shi ne in ga katafaren gidan sarautar nan na Osaka, mai koren rufi da adon zinare, wanda na sha gani a jikin kalanda. Da na faɗa masa sai ya ce, "Yaya, wannan ai siminti ne da rodi, har lifta gare shi a ciki. Kuma furen Osaka ya zube tun makonni biyu da suka wuce. In na gaskiya kike son gani, arewa za mu nufa."

Daga baya na gane abin da yake nufi. A da Jafan cike take da irin waɗannan gidaje na sarakunan yaƙi, kowanne da ganuwarsa ta dutse da gwalalo mai ruwa da doguwar hasumiya ta katako a tsakiya. A 1615 gwamnatin gidan Tokugawa ta yi dokar cewa kowane sarki gida ɗaya tak zai riƙe, aka rushe sauran. A 1873 sabuwar gwamnatin Meiji ta ga abin tsohon yayi ne, ta ba da umurnin a rushe da yawa ko a sayar. Waɗanda suka tsira kuma bama-baman Amurka na 1945 suka cinye wasunsu, irin su na Nagoya da na Hiroshima. Hasumiyoyi 12 kacal suka rage a duk ƙasar waɗanda tun zamanin sarakunan suke tsaye da katakonsu na asali. Ta Osaka da ake gani an gina ta ne da kankare a 1931, ta Nagoya a 1959. Ba na cewa kallonsu asara ne, amma wanda ya je can ya dawo yana cewa ya taka benen da baraden samurai suka taka, to an yi masa kallon kitse ga rogo.

Garin da muka nufa sunansa Hirosaki, a jihar Aomori, can ƙarshen arewacin babban tsibirin ƙasar. Daga Tokiyo muka hau jirgin ƙasan nan mai ɗan karen gudu da suke kira Shinkansen, awa uku da 'yan mintuna ya sauke mu a tashar Shin-Aomori, daga nan ƙaramin jirgi ke ƙarasawa da mutum cikin minti arba'in ko ƙasa da haka. Masauki a cikin Hirosaki a wannan mako sai wanda ya kama tun watanni kafin lokacin, don haka a birnin Aomori muka riƙa kwana muna sammako.

Gaskiya ɗaya ce, da na fara ganin hasumiyar raina bai yi daɗi ba. Hawa uku ce, tsawonta bai wuce mita 15 ba, alhali ta Himeji da ake ta yabo ta haura mita 30 ban da dutsen da take zaune a kai. Na ce da ƙanina, "Kai yanzu wannan ɗan benen ka kawo ni gani?" Ya ce in yi haƙuri in ji tarihinta. Sarakunan gidan Tsugaru ne suka kammala ginin gidan a 1611, da hasumiya mai hawa biyar. A 1627 tsawa ta faɗa mata, wuta ta kai ga albarushin da aka adana a ciki, ta tarwatse. Kusan shekara ɗari biyu gidan yana zaune ba hasumiya, saboda gwamnatin Tokugawa ba ta yarda sarakuna su gina sabuwa. Sai a 1810 suka yi dabara, suka nemi izinin gyara ɗakin tsaro na wata kusurwa, suka ɗaga shi hawa uku. Shi ne wannan. Ɓangarorin da ke fuskantar waje an yi musu ado don baƙo ya ga kwarjini, na ciki kuwa an bar su haka nan don tsimi. An yi rufin da tagulla domin sanyin yankin fasa rufin yumɓu yake yi. Da na ji haka sai ginin ya fara shiga raina, don na ga mutane ne irinmu, masu son a gansu da girma alhali aljihu ba nauyi, kuma ana sa musu ido daga sama.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hasumiyar ba ta wurin da nake ganinta a hotuna, wato a bakin ganuwa, bayan wata jar gada. Can tsakiyar fili na same ta zaune a kan wani dandamali na wucin gadi. Ashe ganuwar dutsen da ke ƙarƙashinta ce ta fara kumbura tana yin ciki, masana suka ce in aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfi za ta iya zubewa da hasumiyar gaba ɗaya. Sai a 2015 suka sa jak suka ɗaga ginin ɗungurungum, nauyinsa wajen tan 400, ba su cire katako ko ɗaya ba, suka ɗora shi a kan dogo suka riƙa jansa sannu a hankali daga Agusta har zuwa Oktoba, tazarar kamar mita 70. Har kwanaki aka ware mutanen gari da baƙi suka zo suka kama igiya suka ja da hannunsu. Bayan nan aka sauke duwatsun ganuwar sama da dubu biyu, kowanne aka rubuta masa lamba don a mayar da shi gurbinsa. Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba, kakanninsu sun taɓa matsar da ita don irin wannan gyara suka mayar da ita a 1915. Na tsaya ina kallon duwatsun nan a jere da lambobinsu kamar yaran makaranta a layi, na ce lallai akwai masu haƙuri a duniya.

To yanzu bari in zo kan furen, tunda a kansa aka yi mini gori.

Itatuwan sakura wajen 2,600 ne a cikin filin gidan, iri fiye da 50. Ba zan ɓata muku lokaci da siffanta kyansu ba, mu marubuta mun riga mun cinye kalmomin yabon fure a kan 'yan matan littattafanmu har ba su da sauran ɗanɗano. Abu ɗaya zan faɗa: mun isa a lokacin da furen bakin gwalalon waje ya fara kaɗewa, 'yan ganyayyakinsa sun rufe ruwan ruf, ba ka ganin ruwa ko kaɗan sai wani shimfiɗaɗɗen abu fari mai ratsin ja-ja kamar an baza sabon zanen gado, agwagi na ratsawa suna barin layi a bayansu. Su Jafanawa suna da suna na musamman ga wannan, hanaikada, wato kwale-kwalen fure. Ni a ganina ya fi furen da ke kan itace kyau, kuma wanda ya zo da wuri don ya ga cikar fure ba zai same shi ba.

Amma abin da ya sa na ce tafiyar ba ta zama asara ba, shi ne abin da ƙanina ya nuna mini a jikin itatuwan, wanda da ni kaɗai ce da ban lura ba. Kusan kowane itace akwai tabon yanka a jikinsa, manyan rassa an datse su da zarto an shafe wurin da wani baƙin magani. Wasu gindin ya tsufa ya rube ta ciki, amma ga sababbin rassa sun fito cike da fure.

Yawancin sakurar da ake gani a Jafan iri ɗaya ne mai suna Somei Yoshino, an samo shi a wani ƙauyen masu lambu da yanzu ya shige cikin Tokiyo. Ba a shuka shi da ƙwallo, aure ake yi masa kamar yadda ake yi wa mangwaro, a yanko reshe a ɗaura a jikin wani. Ke nan itace ɗaya ne aka rarraba a duk ƙasar, shi ya sa in yanayi ɗaya ya same su sukan buɗe tare su zube tare. Irin nan ba shi da juriya ga cuta, har an saba cewa daga shekara 60 ya fara mutuwa. Kuma Jafanawa suna da wani karin magana da ke nuna cewa wawa ne ke datse sakura, saboda wurin yankan yakan ruɓe ya kashe itacen. Haka kowa ya yarda, haka ake bi.

Mutanen Hirosaki su ne suka saɓa wa wannan magana, kuma dalilinsu tuffa ce. Jihar Aomori ita ke noma fiye da rabin tuffar da ake samu a Jafan, har tuffar nan mai suna Fuji da ake sayarwa a duniya a wani gari maƙwabcin Hirosaki mai suna Fujisaki aka samar da ita. A 1875 aka fara kawo dashen tuffa jihar, a 1876 aka hana samurai yawo da takobi, albashinsu na gado ma aka soke. Da yawansu suka koma gonar tuffa, hannun da ya saba da takobi ya koma riƙe almakashin datse reshe. Ɗaya daga cikinsu, Kikuchi Tatee, ya ga gidan sarakunansu ya zama kango, sai a 1882 ya ba da kyautar dashen sakura dubu aka shuka a ciki. Wasu 'yan'uwansa samurai suka ga wannan raini ne, a ce talakawa za su zo su baje suna shagali a gidan ubangidansu, suka riƙa karya dashen suna tumɓukewa. Kaɗan suka tsira. Ɗaya daga cikinsu yana nan da ransa lokacin da na je, na tsaya a gabansa, shekararsa 137 yana ta fure abinsa. A 1895 aka buɗe wurin ga kowa da kowa, a 1918 aka fara bikin kallon furen da ake yi har yau.

Wajen shekarun 1950 zuwa 1960 itatuwan suka tsufa suka fara bushewa, kamar yadda aka saba. Ana ba da labarin cewa wani ma'aikacin wurin, ɗan manoman tuffa, ya sa zarto ya datse wani itace da ya raunana yadda ake yi wa tuffa a gidansu, aka yi masa faɗa sosai, da bazara ta zagayo sai itacen ya farfaɗo ya fi da kyau. Daga nan aka mayar da abin tsari. Duk shekara a cikin hunturu, tun watan Fabrairu, dusar ƙanƙara na zuba, ma'aikata ke hawa suna cire rassan da suka tsufa da masu cuta don sababbi su samu rana. Bayan fure ya wuce a zuba taki, wanda saiwarsa ta gaji a tone a canja masa ƙasa. Akwai likitocin itace da birnin ya ɗauka aiki don wannan kawai, ana kiransu sakuramori, masu gadin sakura. Sakamakon haka akwai itatuwan Somei Yoshino sama da 300 a wurin da suka haura shekara ɗari. A wasu garuruwa toho ɗaya fure uku ko huɗu yake fitarwa, a nan ana samun biyar, wani lokaci har bakwai, shi ya sa reshen ke yin dam kamar an cusa masa auduga. Ba sa barin itacen ya yi tsawo ya tafi sama, sai ya baje ya sunkuyo kan ruwa, furen na daidai fuskar mutum.

Wannan ita ce amsata ga ƙawata. Furen da mutum sama da miliyan biyu ke tururuwar zuwa gani, mako ɗaya yake yi ko kwana goma ya zube. Amma kafin a samu makon nan, wani ya sha sanyin Fabrairu a kan tsani, wani ya yi kafin shi, wani ya ba da dashe aka karya masa bai fasa ba. Wanda ya je ya ɗauki hoto ya juyo bai san da wannan ba, shi ne ya je kallon fure, kuma shi kam ƙawata ta yi gaskiya a kansa, da ya sayi kalanda ya huta.

Abin ya taɓa ni ta wajen sana'ata ma, kuma a nan ba na ware kaina. Littafi nawa muka rubuta da saurayi da budurwa ke haɗuwa a lambun gidan Alhaji, furanni kala-kala, ciyawa kore shar, ruwa na tsiri? Na koma na duba nawa, lambu ya fito a guda huɗu, babu ko ɗaya da na ambaci wanda ke ba shi ruwa. Furanninmu ba sa bushewa, ba su da lokaci, ko da rani ko da hunturu suna nan a buɗe, sunansu ma ba mu sani ba sai dai mu ce "furanni masu ƙamshi". Mai lambu in ya fito a labari to aike za a yi masa ko ya buɗe get. Haka muke yi wa soyayyar ma, mu kai ta ranar ɗaurin aure mu rufe littafi, kamar daga nan ita za ta riƙa kula da kanta.

Kada kuma a ce na mayar da wurin aljanna. Cinkoso ya yi yawa, a kan jar gadar nan sai da muka bi layi kafin mu samu wurin tsayawa. Sannan kallon fure a al'adarsu haɗe yake da shan giya, iyalai da ma'aikatan ofis kowa ya shimfiɗa shuɗiyar leda a gindin itace da kwalabensa, da yamma ta yi za ka ga manyan mutane da kwat suna tangaɗi. Wanda wannan zai dame shi ya je da sassafe, kafin ƙarfe bakwai wurin shiru ne sai tsofaffi masu tattaki. Abinci ma sai da lura, naman alade da giyar girki suna shiga abubuwa da yawa da ba za ka zata ba, ni dai shinkafa da gasasshen kifi da ruwan tuffa suka riƙe ni kwana huɗu. Salla kuwa ba ta ba ni wahala ba, tunda kowa a ƙasa yake zaune kan shimfiɗarsa, da na baza dardumata a wani lungu bayan itatuwa ko kallo ban ishi kowa ba.

Wanda ya je kada ya tsaya a gidan sarautar kaɗai. Daga tsakiyar filin ana hango Dutsen Iwaki, tsawonsa mita 1,625, kansa fari fat da ƙanƙara a lokacin da ƙasa ke cike da fure, gonakin tuffa sun kewaye gindinsa, su nasu furen sai cikin Mayu. A kudu maso yammacin gidan akwai wata unguwa da sarki ya tara ɗakunan ibadar addinin Buda 33 a wuri ɗaya, ba don ibada kaɗai ba, har don su zama shinge in abokan gaba sun taso ta nan. Mun bi titin muna kallon ginin daga waje, haka ma wata hasumiyar ibada mai hawa biyar da aka gama a 1667, wadda ta ninka ta sarkin tsawo.

Inda na fi daɗewa shi ne wani ƙaramin gari mai suna Kanagi, ana zuwa ta wani tsohon jirgin ƙasa mai tafiyar hawainiya daga Goshogawara, layin ma yana ratsa wani lambun sakura har rassan na neman shafar tagogi. A nan aka haifi marubucin nan Dazai Osamu a 1909, a gidan da mahaifinsa, wani hamshaƙin mai gonaki, ya gina a 1907 ya kewaye da doguwar katangar jan bulo. Gidan yanzu wurin tarihi ne, ana shiga ɗaki-ɗaki. Dazai ya yi karatu a Hirosaki, a 1944 ya dawo ya zaga yankin ya rubuta littafi mai suna Tsugaru, wanda ya ƙare da zuwansa neman matar da ta yi renonsa yana yaro. Ɗan masu kuɗi, ya tashi a gida mai ɗakuna goma sha tara, amma da ya zo rubuta asalinsa sai ya nufi wurin 'yar aiki. Rayuwarsa ba ta yi kyan ƙarshe ba, ya hallaka kansa a 1948, Allah Ya kiyashe mu. Na zauna a bakin dandamalin katakon gidan ina tunanin masu aikin da ke cikin littattafaina, waɗanda ko suna ban ba wasunsu ba.

Ga mai niyyar zuwa, lokaci shi ne abin lura. Furen yana farawa ne daga kudu ya hau arewa, Tokiyo da Kiyoto a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, Hirosaki a kashi na biyu na Afrilu. Sai dai ɗumamar yanayi ta fara rikita lissafin. A Kiyoto, inda ake da tarihin ranakun cikar fure na sama da shekara 1,200, a 2021 ya cika tun ranar 26 ga Maris, saurin da ba a taɓa rubuta irinsa ba kafin wannan shekarar. A 2023 na Hirosaki ma ya buɗe tun farkon Afrilu, waɗanda suka sayi tikiti don hutun ƙarshen wata suka tarar da ganye kore. Don haka a riƙa duba hasashen da suke fitarwa tun daga watan Maris, kuma in da hali a ba tafiyar kwana uku ko huɗu a yankin maimakon yini ɗaya.

Wani abu da ƙanina ya gaya mini a hanyarmu ta dawowa: rassan da ake datsewa a cikin hunturu ba duka ake zubarwa ba. Akan ware ranaku a raba wa mutanen gari kyauta, su bi layi cikin sanyi kowa ya karɓi 'yan sanduna busassu a ido, ya kai gida ya tsoma a kwalbar ruwa a ɗaki mai ɗumi, bayan 'yan makonni su yi fure tun na waje bai farka ba. Na so a ce na zo da guda ɗaya in nuna wa ƙawata, amma ya ce ko da lokacin rabon ne ma'aikatan filin jirgi ba za su bar ni in wuce da ɗanyen reshe ba.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.